Kuzarin Aro: Gahawa, Goro da Shayi a Rayuwar Masu Aikin Ƙwaƙwalwa

Daga cikin maganganun da suka zama jiki a bakin malaman jami'a da ɗalibansu, musamman a makonnin jarrabawa da na duba takardu, akwai cewa wane ba ya iya taɓuka komai sai ya sha kofi. Ana faɗar maganar da sigar raha, wani lokaci ma da ɗan alfahari, tamkar shaida ce ta yawan aiki. Idan kuwa aka tsaya aka auna ta, iƙirari ne mai nauyi, domin mutum lafiyayye ne yake bayyana cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta buɗewa da safe sai da izinin wani sinadari. Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne, mafi yawan kuzarin da mai shan gahawa kullum yake ji nasa ne da aka karɓe tun daren jiya aka mayar masa da safe, kuma rage shan yana da amfani matuƙar an san yadda za a rage da abin da za a tarar a kwanakin farko.

Sinadarin da ake magana a kansa shi ne wanda Bajamushe Friedlieb Ferdinand Runge ya fara tacewa daga ƙwayar gahawa a shekarar 1819. Rubuta sunansa da Hausa ma yana da ɗan rikici, domin idan aka bi lafazin Ingilishi aka rubuta "kafin", ya yi karo da kalmar da kowa ya sani mai nuna gabatar lokaci, har jimla kamar "kada a sha kafin kafin barci" ta zama abin dariya. Saboda haka a nan za a rubuta "kafeyin", kafin masana su tsayar da matsaya.

Yadda kafeyin yake aiki a jiki ya saɓa wa abin da mafi yawan masu shansa suke zato. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa sannu a hankali, sakamakon aikin da ƙwayoyin halitta suke yi. Gwargwadon taruwarsa, gwargwadon nauyin ido da bukatar kwanciya. Barci ne yake share shi. Kafeyin ya yi kama da adinosin a siffa, don haka yakan riga shi zama a mazaunin da aka tanadar masa a jikin ƙwayoyin jijiya, ya toshe gurbin ba tare da ya isar da saƙon gajiya ba. Gajiyar tana nan, ɗan aiken da zai kai labarinta ne aka tare a ƙofa. Kofin baƙar gahawa kusan ba shi da abin da jiki zai ƙona ya samu ƙarfi, kuma duk abin da ya ƙaru na abinci a kofin, daga sukari da madara ya fito. Idan aka dawwama a kan sha kullum, jiki yakan daidaita kansa da wannan toshewa, ya ƙara zama mai saurin jin adinosin, ta yadda kofin da a da yake wartsakar da mutum ya koma abin da sai da shi zai kai matsayin da wanda ba ya sha yake kai a banza.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ginshiƙin hujjar, kuma an gwada shi. A shekarar 2010 Peter Rogers da abokan aikinsa na Jami'ar Bristol a Ingila sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 379. An hana su kafeyin na tsawon sa'a 16, sannan aka ba wasu sinadarin, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta ba tare da sun sani ba. Masu yawan sha da aka ba ƙwayar banza sun koka da ciwon kai da raguwar natsuwa. Masu yawan sha da aka ba kafeyin kuwa sun wartsake, amma wartsakewarsu ba ta wuce ta waɗanda ba su saba sha ba kuma ba a ba su komai ba. Ma'ana, kofin safe rami ya cike, ramin da kofin jiya ya haƙa. Akwai masana da suke ganin kafeyin yana da ɗan tasiri na haƙiƙa ko ga wanda ya saba, musamman wajen saurin amsa kira da juriyar motsa jiki, kuma ba a rufe wannan muhawara ba. Duk da haka, ko masu wannan ra'ayi ba su musanta cewa kaso mai tsoka na daɗin da ake ji da safe sauƙi ne daga raɗaɗin rashi.

A nan harshen Hausa yana da abin da zai koyar, domin ya rarrabe abubuwan da tallace-tallacen zamani suke cakuɗawa a kalma guda. Ƙarfi daban yake da kuzari, kuzari daban yake da karsashi, dukkansu kuma daban suke da wartsakewa, wadda ita ce fita daga magagi ko gyangyaɗi. A ɗaya ɓangaren akwai gajiya, wadda aiki yake haifarwa, da kasala, wadda kan zo ko ba a yi aikin komai ba, da mutuwar jiki, da nauyin ido. Abin da gahawa take bayarwa wartsakewa ce. Tana kore gyangyaɗi, tana taimaka wa mai aikin da ke bukatar sa ido na dogon lokaci, kamar direban dare ko mai gadi. Zurfin tunani, da haɗa hujja da hujja, da riƙe abin da aka karanta, waɗannan suna jingine da barci, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take tabbatar da abin da ta ɗauka da rana. Ɗalibin da ya kwana a aji yana kurɓar Nescafé ido buɗe ya samu wartsakewa, ya kuma hana kansa matakin da karatun nasa zai zauna. Malamin da ya duba takarda ta tamanin da ƙarfe biyun dare bai yi gyangyaɗi ba, amma ko adalcin da ya yi wa takarda ta goma shi ne ya yi wa ta tamanin, wannan tambaya ce da ta cancanci a yi ta, tunda makomar wani ce a cikin takardar.

Babban abin da yake hana mutane ragewa shi ne abin da yake biyo bayan dainawa. Laura Juliano da Roland Griffiths sun tattara binciken da aka yi a kan wannan a wani nazari da suka wallafa a 2004. Alamomin sukan fara ne bayan sa'a 12 zuwa 24 da kofin ƙarshe, su yi tsanani a rana ta ɗaya zuwa ta biyu, su ɗauki kwana 2 zuwa 9 kafin su gushe. Kimanin rabin waɗanda aka gwada sun yi ciwon kai, ga kasala, da saurin fushi, da rashin iya tattara hankali. Ciwon kan yana da dalili bayyananne: kafeyin yana tsuke jijiyoyin jini na kai, idan aka janye shi sai su buɗe, jini ya ƙara kwarara. A 2013 kundin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin Amurka ya shigar da wannan yanayi cikin jerin abubuwan da ake ganewa a asibiti. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya daina sha ranar Litinin, ya wayi gari Talata kansa kamar zai tsage, ya yanke hukuncin cewa jikinsa ba ya aiki sai da gahawa. Ya auna kansa ne a ranar da ta fi kowace muni, ya ɗauka haka rayuwarsa za ta kasance. Hukuncin gaskiya sai bayan mako biyu.

Al'ummar Musulmi tana gudanar da wannan gwaji a kanta duk shekara ba tare da ta kira shi gwaji ba. Ciwon kan da yake damun mutane da yawa a ranar farko ta azumi akan ɗora shi a kan yunwa ko ƙishirwa ko zafin rana, kuma duk suna da hannu. Amma wani bincike da aka yi a Saudiyya aka wallafa a 1999 ya samu ciwon kai ga kashi 41 cikin 100 na masu azumin da aka tambaya a ranar farko, ya kuma nuna cewa janyewar kafeyin ce babban dalili daga waje. Abin lura shi ne, zuwa mako na biyu kukan yakan lafa. Tsohon da ba ya rabuwa da goro a aljihu yakan wuni ba shi, ya yi sana'arsa, ya je tafsiri. Wannan shaida ce da ke gaban kowa cewa jiki yana komawa daidai, sai dai da zarar an sha ruwa akan rama da shayi mai kauri har tsakar dare, a lalata ɗan barcin da ya rage kafin sahur.

Batun lokaci ya fi batun yawa muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi. Hanta tana ɗaukar kimanin sa'a 5 kafin ta kawar da rabin kafeyin da ya shiga jini, kodayake mutane sun bambanta ƙwarai: mai shan taba yana saurin kawar da shi, mai juna biyu kuwa yakan daɗe a jikinta ninki biyu ko fiye a watannin ƙarshe. Wanda ya sha kofi mai ƙarfi bayan la'asar, rabinsa yana yawo a jininsa da ƙarfe tara na dare, wajen rubu'insa kuma har ƙarfe biyu. Wani gwaji da Christopher Drake da abokansa suka wallafa a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha sa'a 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da sa'a guda. Mutane da yawa sukan ce su kam ko sun sha kofi suna barcinsu. Mai yiwuwa ne ido ya rufe, amma zurfin barcin yana raguwa, kuma mai shi ba ya ganewa sai dai ya tashi da nauyin jiki, ya nemi kofi. Ta haka bashin jiya yake haifar da rancen yau. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan kam bashi ne da mai shi bai san ya ci ba.

Sai dai duk wannan bayani, idan aka tsaya a kan gahawa kaɗai, ya kauce wa inda matsalar take a ƙasar Hausa. Gahawa baƙuwa ce a nan idan aka kwatanta da goro. Sunanta ma aro ne daga Larabci, kuma tarihinta ya bi ta Habasha da Yaman, inda Sufaye suka riƙa shanta a ƙarni na 15 don raya dare da zikiri, har aka yi yunƙurin hana ta a Makka a 1511. Hausawan Sudan sun san jabana, ana kuma noma gahawa da ganyen shayi a tsaunin Mambila na jihar Taraba, amma Bahaushen Kano ko Katsina ko Maraɗi ya fi sanin ta a matsayin garin Nescafé da mai shayi yake ɗiba da cokali. Goro shi ne kafeyin na gado. Busasshensa yana ɗauke da wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na sinadarin, wato bai gaza ƙwayar gahawa ba, ga kuma ɗan tiyoburomin irin wanda ke cikin koko. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro tsakanin 1700 da 1900, ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙa tafiyar watanni zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, suna kai kanwa da fatu da tufafi, suna dawowa da goro. Daga baya harkar ta karkata zuwa ƙasar Yarbawa, inda unguwannin Sabo na Ibadan da Shagamu suka zama cibiyoyinta. Al'ummar da ta gina hanyoyin fatauci na ɗaruruwan mil a kan ɗan itacen da ba ya tsirowa a ƙasarta ba za a ce ba ta san daɗin kafeyin ba.

Goro kuma ya shige cikin harshe da al'ada ta yadda rage shi ya fi rage kofi wuya. Akwai goron gayyata, da goron sallah, da goron albishir. Da shi ake neman aure, da shi ake raɗa suna. Wanda ya mayar da kofi ya ƙi abin sha ne kawai, wanda ya mayar da goro kuwa kamar ya mayar da hannun da aka miƙo masa. Haka ma shayi. A Yamai da Damagaram da Agadas, zaman fada ya ginu ne a kan 'yar butar ataya da ake dafawa zagaye uku, kuma Adeline Masquelier ta rubuta littafi guda a 2019 kan yadda samarin da ba su da aikin yi suke tsara lokacinsu a kewayen wannan buta. A Kano akwai gadagi, wanda masu aikin ƙarfi da direbobi suke sha don juriya, wanda kuma ba kowane mai sha ne ya san abin da aka zuba a tukunyar ba. A 'yan shekarun nan lemunan gwangwani da ake tallatawa da sunan ƙara kuzari sun shigo, gwangwanin Red Bull ƙarami yana ɗauke da miligiram 80. Malamin da ya karya da shayi, ya ɓantari goro da hantsi, ya sha Nescafé bayan azahar, ya zauna majalisar ataya da dare, zai rantse ba ya shan kofi sai sau ɗaya a rana, kuma bai yi ƙarya ba.

Hukumomin abinci na Amurka da na Tarayyar Turai sun tsayar da miligiram 400 a rana a matsayin iyakar da ba ta da haɗari ga baligi lafiyayye, hukumar Turai kuma ta sa 200 ga mai juna biyu. Kofin gahawa dafaffiya yana kusan 95, na garin da ake damawa wajen 60, na baƙin shayi 40 zuwa 50. Ba a kawo waɗannan alƙaluma don tsoratarwa ba, kuma adalci ne a faɗi cewa gahawa ba guba ba ce. Wani babban nazari da aka wallafa a mujallar likitocin Birtaniya a 2017 ya samu alaƙa tsakanin shan kofi 3 zuwa 4 a rana da raguwar haɗarin ciwon sukari da wasu cututtukan hanta, duk da cewa alaƙa ba ta tabbatar da sababi. A 2016 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire gahawa daga jerin abubuwan da ake zargi, ta mayar da zargin kan duk abin shan da zafinsa ya wuce digiri 65, gargaɗin da ya fi shafar masu kurɓar shayi yana tiriri. Don haka kiran da ake yi a nan na ragewa ne da sauya lokaci. Akwai dai wani abu da ya kamata mata da masu ƙarancin jini su sani: shayi da gahawa suna rage yawan sinadarin ƙarfe da hanji yake tsotsa daga abinci idan aka sha su tare da cin abincin, shayi ma ya fi, kuma ƙarancin jini da kansa babban dalilin kasala ne. Mai shan shayi don maganin kasala yana iya zama yana ciyar da ita.

Hanyar ragewa ba ta da wani sirri. A fara da lissafin gaskiya na duk abin da ake sha da wanda ake tauna a rana guda. A janye na dare da na yamma tukuna, a bar na safe, domin ribar farko daga barci za ta fito. Sannan a riƙa rage kimanin rubu'i duk bayan 'yan kwanaki, cokali ya koma rabi, goro guda ya koma ɓari, har a kai mako biyu ko uku. Mai niyyar azumi ya fara tun tsakiyar Sha'aban. Kada a zaɓi makon jarrabawa ko na doguwar tuƙi. Nauyin idon da yake zuwa bayan azahar kuwa ɗabi'ar jiki ce ko ga wanda bai taɓa shan kofi ba, kuma al'adar Musulunci ta riga ta ba shi amsa da ƙailula. Minti ashirin sun isa. Abin da masu ragewa suka fi samu shi ne daidaituwa: tashi ba tare da magagi mai tsawo ba, da gushewar hawa da saukar da ake yi tsakanin kofi da kofi. Wanda ya jira wani sabon ƙarfi na ban mamaki zai ji an yaudare shi. Wanda kuma ya rage har wata guda kasala ba ta sake shi ba, to gahawar ta daɗe tana rufe wani abu ne, ko ƙarancin jini, ko ciwon sukari, ko yankewar numfashi a barci, ko damuwa, kuma asibiti ne wurin zuwa.

Ba daidai ba ne a ɗora wa mutum ɗaya laifin duka. Malamin da aka ba aji mai ɗaruruwan ɗalibai aka ce ya miƙa sakamako cikin 'yan makonni, da ɗalibin da yajin aiki ya sa aka matse masa zangon karatu, da wanda ba ya samun wutar lantarki sai tsakar dare, ba sha'awa ce ta kai su teburin mai shayi ba. Kafeyin ya zama abin da yake cike giɓin da ke tsakanin aikin da aka ɗora da sa'o'in da ke akwai, kuma muddin yana cikewa, masu tsara jadawali ba za su ga giɓin ba. Hausawa sun kamanta rai da goro, wanda idan ba a buɗe huhunsa an ba shi iska an yayyafa masa ruwa ba yakan lalace. Fataken da suka san wannan game da hajarsu sun fi wasu majalisun jami'a sanin haƙƙin abin da aka ba su amana.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masana Hausa su kansu. Saƙonnin lafiya da ake fassarawa a rediyo da shafukan intanet suna auna komai da kofin gahawa, domin da ma an rubuta su ne don masu shanta. Mai juna biyu a Gumel ko Tasawa da aka ce kada ta wuce kofi biyu a rana za ta ji maganar ba da ita ake ba, alhali goro yana ƙulle a gefen zanenta, shayi kuma yana jiran ta safe da yamma. Fassarar da ta dace sai ta juya awon zuwa ɓarin goro da kofin ataya da cokalin Nescafé, abin da ke bukatar sashen Hausa ya zauna da sashen harhaɗa magunguna a auna nau'o'in goron da ake sayarwa a kasuwa, fari da ja, marsa da daushe, a kuma tsayar da sunan sinadarin da ba zai yi karo da "kafin" ba.